Ni Na Sallami Inna Baraka

Na sauka Yamai da hantsi, ƙafafuna a kumbure saboda zaman mota tun daga Damagaram, na rungume ambulan a ƙirji kamar wani zai ƙwace. A cikinta akwai takardar da ta ce ƙullutun da ke nonona na hagu sankara ce. Shekarata goma sha tara ina koyarwa a firamare, da Faransanci nake kwana nake tashi, don haka babu wanda ya fassara mini ita. Ni na karanta wa kaina a ƙofar ɗakin gwaji, na ninke, na wuce kasuwa na yi cefane. Na faɗi wannan ne don a san irin matar da ta sauko daga motar nan: mai ciwo ce, amma mai ji da kanta.

Masaukina na farko unguwar Koira Kano, gidan yayana Isufu, ma'aikacin gwamnati. Gida ne mai kyau, katanga ta fi tsawon mutum biyu, ƙofar ƙarfe kullum a rufe. Na yi wata guda ban san sunan maƙwabciyarmu ba, ni da a gida ba na gama shara sai mata uku sun leƙo. Da la'asar nakan zauna a tsakar gida in kasa kunne ko zan ji sallama, sai dai ƙarar injin sanyaya ɗaki. Kewar 'ya'yana ta dame ni, amma abin mamaki, hayaniyar ajina ta fi damuna. Yaran da nake yi wa tsawa kullum su ne nake mafarki.

Na zo da shirin a yanke abin a jefar in koma. Likitar, wata mace mai magana a hankali kamar tana awon kowace kalma, ta ce ba haka za a yi ba. Ƙullutun ya yi girma, za a fara da ƙarin ruwan maganin da kowa a can ke kira shimiyo, sau takwas, duk bayan sati uku, don ya motse. Bayan nan a yi aiki. Na ce to, na rubuta a ɗan littafina kamar ɗaliba.

Daga nan rayuwata ta koma kan wani dogon benci a barandar asibiti. Mata ne daga ko'ina, Zabarmawa, Fulani, Buzaye, da namu Hausawa na Maraɗi da Tawa. Kowa da ledar takardunta a cinya. Zabarmanci na farko da na koya shi ne “kala suru”, wato sai haƙuri, domin shi ake faɗa mini daga mai taksi har mai shara. A bakin ƙofa kuma akwai wani mutum mai farar riga da ba likita ba, yana tare sababbin zuwa yana sayar musu da garin magani a kwalba, wai yana narkar da sankara cikin kwana arba'in ba tare da wuƙa ba. Ni ma ya tare ni ranar farko. Na yi masa kallon sama da ƙasa, na wanke shi tas da Faransanci a gaban mutane, na shige ina jin daɗin kaina. Na tsani macuci, kuma a lokacin ina ganin na san kamanninsa.

Karatun takardu ya fara ne da ƙaramin abu. Wata Bafulatana ta miƙo mini takardar magani tana tambaya da hannu ko sau nawa za ta sha. Na duba, na ɗaga mata yatsu biyu. Kashegari mata uku ke jirana. Kafin wata biyu na zama Madam ta benci: ni ke faɗa wa mace ranar da za ta dawo, ni ke nuna mata ɗakin ɗaukar jini, ni ke cewa wannan na safe ne wannan na dare. Gashina ya zube, farcena ya yi baƙi, abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakina. A gidan yayana ni ce marar lafiyar da ake rage murya in ta shigo. Amma a bencin nan, da na sa tabarau na buɗe takarda, sai a yi tsit kamar aji. Ba zan ɓoye ba, na so abin nan fiye da yadda ya kamata.

A can na haɗu da Inna Baraka. Dattijuwa ce daga wani ƙauye a bayan Tawa, manoman albasa, doguwa, mai wushirya da dariya mai ƙarfi. Ta riga ni fara shimiyo da zagaye ɗaya, amma ranakunmu sukan haɗu. Ranar ƙarin ruwana na uku amai ya taso mini a baranda, na rasa inda zan sa kaina. Kafin in ankara wani hannu mai kaushi ya riƙe mini goshi. Da na gama, ta kwance gefen zanenta ta ciro lemun tsami, ta huda shi da haƙori ta kai mini hanci.

“Shaƙa, ɗiyata,” ta ce. “Boko ba ya hana amai.”

Tun daga ranar ta ɗauke ni 'ya. Takan zo mini da dambun zogale a ƙaramin kwano daga unguwar Saga, inda take zaune wurin wata tsohuwa Bazabarma, ta tsare ni sai na ci loma biyar. In na cire tabarau ina goge shi sai ta ce wa sauran mata, “Ku dakata, Madam ta tuɓe iliminta, sai ta maida.” Ba ta taɓa yi mini kukan ciwo ba. Kukanta ɗaya ne, gida. Ta bar mijinta tsoho da ciwon ido, ta bar awakinta a hannun mutane, kuma ta gaji da cin abincin da ba ita ta tuƙa ba. Ta ce ko sunan aikin nan ba ta son ji. A ƙauyensu an taɓa yi wa wata, ta dawo da ƙirji ɗaya a shafe, har ta rasu ba ta sake zuwa rijiya da rana ba.

Da ta gama zagayenta na takwas aka tura ta hoton nono. Ran wata Talata ta iso benci da ambulan, ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna ta danna a gefen nononta ta saman riga, ba ruwanta da mutane.

“Taɓa ki ji. Ina shi?”

Na danna. Babu komai. Da can abin kamar ƙwan kaza yake.

“To karanta mani mi tac ce.”

Ranar ganin likitarta sai bayan kwana goma. Abin da ya kamata in ce ke nan: Inna, ki jira kwana goman nan. Amma mata sun matso, an yi tsit, ni kuma na riga na sa tabarau. Takardar ta ce ba a ga ƙullutu ba a inda yake a da, ba a ga wani abin tuhuma ba a hammata. A can ƙasa akwai layi ɗaya da ke cewa a kai wa likita ya haɗa da sauran bincike. Na gan shi. Na ɗauke shi irin gaisuwar da ake rufe wasiƙa da ita, na tsallake. Ni da nake zare wa yara ido kullum in ce su karanta tambaya har ƙarshe kafin su ɗauki alƙalami.

“Inna,” na ce, da ƙarfi don na bayan su ji, “babu shi. Ya tafi. Kin warke.”

“Wuƙar hwa?”

“Me za a yanka? Abin da babu?”

Wata ta rangaɗa guɗa a barandar asibiti har sai da aka leƙo aka ce mu yi shiru. Inna Baraka ta riƙe kaina da hannu biyu tana sa mini albarka, ta haɗa da 'ya'yana da jikokin da ban haifa ba. Na koma Koira Kano ranar nan ina jin kamar ni na haɗa maganin. Ban sake ganinta a benci ba, kuma ban nema ba. Na ɗauka likita ta sallame ta.

Sati biyar bayan nan nawa hoton ya fito. Kalmomin iri ɗaya, har da layin ƙasa. Na shiga wurin likita da murmushi, na ajiye takardar a teburinta na ce na zo sallama ne, a rubuta mini abin da zan riƙa sha a gida.

Ta karanta, ta yi murna, ta ce maganin ya yi aiki sosai. Sannan ta jawo kalanda ta fara neman ranar aiki.

Na ce, “Likita, ai babu komai. Ga shi a rubuce.”

“An rubuta ba a gani ba, Madam. Hoto yana da iyaka, hannu ma haka. Shimiyo yakan narkar da ƙullutu ya bar ƙananan ɓurɓushi a warwatse, waɗanda inji ba ya kamawa. Wata macen babu ko ɗaya da ya rage. Wata kuma akwai, kuma takardunsu iri ɗaya ne.”

“To ni wace ce a ciki?”

“Ban sani ba,” ta ce. “Babu wanda ya sani. Sai mun cire naman wurin, an yanka shi siri-siri an duba a madubin gwaji. Wannan ne sakamakon. Kuma ba a son a ja lokaci tsakanin shimiyo da aiki, don in akwai saura, ba zama zai yi yana jiranmu ba.”

Ta ci gaba da bayani, amma ni na daina ji. Ba nonona nake tunani ba. Na ga hannun Inna Baraka a kaina, na ji muryata ina cewa me za a yanka.

Na fito na tarar da Majo, babbar ma'aikaciyar jinyar sashen, wata Bazabarma mai jiki wadda Hausarta ke fita da ƙarfi. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar yara, sannan na ce ko Inna Baraka ta Tawa an yi mata aiki.

“Wannan? Ta gudu!” Majo ta ce. “Randebu nata, ranar ganin likita, ya wuce, ba ta zo ba. Mun kira lamba, a kashe. Kullum haka suke, abu ya motse sai su tafi. Ko mai kwalban bakin ƙofa ne ya hure mata kunne, wa ya sani.”

Ga hanya a buɗe. In na yi shiru, laifin ya tafi kan mai kwalba, shi da ya saba ɗauka. Wallahi na so in yi shiru.

“Majo, ba shi ba ne. Ni ce. Ni na karanta mata takarda na ce ta warke.”

Ta ajiye abin da ke hannunta. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta dube ni ta ce, “Ke, Madam? Ke da muke cewa kin rage mana aiki?” Matan benci suna ji. Wasu daga cikinsu suna nan ranar guɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ban san yadda na kai bakin titi ba.

Da safe na hau taksi zuwa Saga. Ban san gidan ba, sunan tsohuwar kawai na riƙe, Gambi. Direban ya sauke ni inda kwalta ta ƙare ya nuna gaba da haɓa. Na bi gefen fadamun shinkafa, kore shar har bakin kogi, mata sun duƙa cikin ruwa suna dashe. Jikina ba ƙarfi, nakan yi taku ashirin in tsaya. Duk wadda na tambaya sai ta amsa da Zabarmanci, ni kuma Faransancina bai saya mini ko hanya ba a wurin. A ƙarshe wata mata ta fito daga ruwa da taɓo har gwiwa, ta kama hannuna, ta kai ni har ƙofar gidan, ta juya ta koma aikinta.

Gambi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tsaya sai da na sha. Hausarta kaɗan ce. Da na ambaci Baraka fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, ta ce, “Baraka lafiya! Madam lakwal ta ce. Madam mai gilashi.” Malamar makaranta take nufi. Sannan ta kalli tabaraun da ke fuskata, ta gane, ta rungume ni. Haka na zauna a rungume a jikin tsohuwar nan ina neman kalmar da zan ce mata na zo warware abin da take gode mini a kai. Inna ta riga ta koma ƙauyensu. Lambar da asibiti ke da ita ta wayar Gambi ce, wadda ta faɗa ruwa tuntuni. Amma a bangon ɗakinta, da gawayi, akwai lambar mai shagon ƙauyen su Inna.

A ƙarƙashin wata bishiya a bakin fadama na kira. Mai shago ya ce in sake kira bayan azahar, zai aika a kira ta. Na zauna a wurin har azahar ɗin.

“Madam!” Muryarta ta cika wayar. “Ɗiyata! Ke ce? Gashina ya hito, baƙi wuluk kamar na jariri! Munka yanka akuya, gari duk anka zo barka. Har liman ya yi maki addu'a da sunanki.”

Na bar ta ta gama. Sannan na ce, “Inna, na yi miki kuskure. Abin da na faɗa miki ba haka ba ne. Takardar ba ta ce kin warke ba.”

Ina jin kukan awaki a bayanta.

“Ya dawo?”

“Ban sani ba.”

“Yana nan?”

“Ban sani ba, Inna. Likita ma ba ta sani ba. Sai an yi aikin an duba. Ni ma za a yi mini, ran Litinin.”

“Amma ke kinka ce babu abin yanka.”

“Ni na ce. Ban da ikon cewa. Ban sani ba na faɗa.”

Da ta sake magana, muryar ta zama ta tsohuwa. “To mi za ni ce ma mutane? Sun ci akuya.”

Na ce ta ce musu ni ce. Na ce ta faɗi sunana a gaban liman da kowa, ta ce malamar Damagaram ce mai karambani ta karanta abin da ba ta iya ba. Na roƙe ta da girman Allah ta hau mota. Ta ce za ta yi shawara da Malam, wato mijinta, wayar ta katse.

Ran Litinin aka cire mini nono. Ba zan tsaya kan wannan ba. Mata da yawa sun bi hanyar, kuma ni na tafi da abin da ya fi ciwon nauyi. Duk wanda ya shigo dubiya sai in kalli bayansa. Ina kwance na sa yayana ya kira mai shago sau huɗu. A na huɗun aka ce ta taso. Ta iso Yamai wata biyu da 'yan kwanaki bayan ranar da ya kamata ta ga likita. Na ji labari daga bakin Majo, wadda ta faɗa mini a tsaye, ba ta kalle ni ba. Ban je na gan ta ba. Na ce ciwona bai warke ba, amma kunya ce.

Sakamakon namana ya fito bayan sati uku. Likita ta ce an duba ko'ina, ba a sami ko ɓurɓushi ba. Yayana ya yi ta kabbara a mota. Ni na yi godiya ga Allah, kuma na ji kamar na ci rabon wani.

Na koma Damagaram, na dawo bayan wata biyu don a duba ni. Kafin in zauna na tambayi likita labarin Inna Baraka. Ta ce ba ta faɗin ciwon wani ga wani, in tambaye ta da kaina, tana waje. Sai na yi tambayar da ta hana ni barci: in an sami saura a jikin mace, jinkirin wata biyu ne ya jawo, ko dama yana nan?

“Babu gwajin da zai faɗa miki wannan, Madam,” ta ce. “Mai yiwuwa yana nan tun farko. Mai yiwuwa ya ƙaru. Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba.”

Tana can ƙarshen benci. Ta rame, mayafinta ya faɗa a gefen dama inda babu komai. Na yi niyyar in gaishe ta daga tsaye in wuce, amma ta matsa ta buga wurin da tafin hannu. Na zauna. Ita ta fara faɗa mini, ba tare da na tambaya ba: an sami saura a nonon, an samu a hammata. Za a ƙara mata wani magani, sannan a gasa wurin da inji. Ba ta san ranar komawa gida ba.

“Inna,” na ce, “kin faɗa musu ni ce?”

“Wa?”

“Mutanen gari. Liman. Malam.”

Ta gyara mayafinta. “Na ce masu lokotoro ta sake shawara. Manya suna sake shawara, ba a tambayar su.”

“Don me? Ni na ce ki faɗa.”

“Ke malama ce, ɗiyata. Yara na kallon bakinki. In anka ce Madam ba ta iya karatu ba, wa za shi ba ki ɗanshi?” Ta dafa gwiwata. “Har yau liman na sa sunanki cikin addu'a. Na bar shi. Kina buƙata.”

Aka kira sunanta daga ciki. Ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki ledar takardunta ta shiga. Ni kuma na zauna a wurin, kaina a ƙasa, har aka kira nawa sau biyu ban ji ba.